Pisin mai mita 25 ko mai mita 50: wanne ya fi wa mai koyon ninƙaya a Yamai?

Bambancin duk a bango yake. A tseren mita 200, ɗan ninƙaya yana juyi sau 7 a gajeren pisin, sau 3 kacal a dogon. Kowane juyi yana ba shi damar tokare bango da ƙafa biyu, ya sulale a ƙarƙashin ruwa, inda gudu ya fi na sama. Doka ta ce a salon ƴanci (inda kowa ke yin salon da ya ga dama) da na rigingine da na malam-buɗe-littafi (mai wurga hannu biyu gaba a tare) dole kan ɗan ninƙaya ya fito saman ruwa kafin mita 15, wanda ya wuce an kore shi.

Shi ya sa lokuta suke sauka a gajeren. A gasar duniya ta Budafes, Disamban 2024, Jordan Crooks ya yi mita 50 a daƙiƙa 19.90 a gajeren pisin, alhali César Cielo 20.91 ya yi a dogon a 2009. 

Dogon pisin shi ke tona asirin mai ƙarancin numfashi, kuma shi kaɗai ake amfani da shi a Olamfik.

A ganinmu yaro ya fara da gajeren, malami yana ganinsa kusa, ya gyara masa juyi. Sai dai a kula: wanda ya saba hutawa a bango, hannunsa kan mutu tun bai kai ƙarshen mita 50 ba.