Soson Katifa ko Soson EVA: Wanne Ya Dace da 'Yar Tsanar Mutum-mutumi?

Ɗan'uwa, ka ce kana so ka haɗa 'yar tsana mai siffar mutum-mutumin na'ura (robot), irin wadda ake zura hannu a ciki a motsa mata baki, amma ka rasa wanda za ka ɗauka tsakanin soson katifa da soson EVA, sannan kana neman abin da za ka shafa har ta fito kamar ƙarfe. Wahalar wannan aiki ita ce ana neman abu biyu da ba sa ga maciji da juna: ido ya ga ƙarfe, hannu kuma ya ji laushi. Shi ya sa soso ɗaya ba zai yi maka jikin duka ba. Kai da ƙirji da kafaɗu da damtse, EVA. Wuya da gwiwar hannu da cikin kai inda yatsunka za su zauna, soson katifa.

Bambancinsu daga ƙira ya faro. Soson katifa ƙofofinsa a buɗe suke, iska da ruwa suna ratsa shi, ka matse shi ya dawo, ka murɗa shi ko a jikinsa. EVA kuwa shi ne irin robar da ake yin silifas da tabarmar ɗakin motsa jiki da ita, ƙofofinsa a rufe, ba ya shan ruwa, kuma in ka ba shi siffa yana riƙewa. Na katifa mai kaurin milimita 12 ko 13, wato rabin inci, ya wadatar. EVA kuwa ka nemi kauri uku: milimita 10 don bangon kai da ƙirji, 5 ko 6 don farantan da za ka ɗora a kai, 2 don ƙananan ado.

Wajen yanka, soson katifa ba ya ba da wahala, almakashi ma ya isa, sai dai ba za ka taɓa samun kusurwa mai kaifi a jikinsa ba. In ka yi akwatin kai da shi, gefunan za su kumbura, a ƙarshe ka samu dabba mai ƙaton kai maimakon na'ura. EVA yana ba da layi miƙaƙƙe, amma yana cin kaifin reza da sauri. Da zarar ka ga bakin yankan ya fara yin gashi-gashi, rezar ta dushe, ka wasa ta ko ka canza. Ka ɗora rula ta ƙarfe, ka ja sau ɗaya da ƙarfi, kada ka yi ta kai da komowa kamar mai zarto. Inda bango biyu za su haɗu su yi kusurwa, ka karkata rezar digiri 45 a kowane gefe, in sun haɗu sai su ba ka digiri 90 ba tare da an ga kaurin soson ba.

Zafi ne ya fi raba su. EVA ana gasa shi da na'urar hura iska mai zafi, daga nisan santimita 10 zuwa 15, hannu yana yawo ba ya tsayawa wuri ɗaya. In fuskar ta ɗan yi sheƙi, ya yi. Sai ka kifa shi a kan kwano ko ƙwallo ka danne har ya huce, ya zauna a haka. Dirayar gashi ba ta da ƙarfin da za ta lanƙwasa mai milimita 10. Akwai kuma dabarar da ta fi komai fito da kamannin na'ura: ka tsaga layi da reza zurfin milimita 1 zuwa 2, ka bi shi da zafi, sai tsagar ta buɗe ta zama kamar mahaɗar farantan ƙarfe. Kan kusa kuwa, ka danna bakin siririn bututu a jiki ka murza, ko ka huda ƙananan da'irori daga mai milimita 2 ka manna. Soson katifa kada ka kusantar da shi wuta ko kaɗan. Ba ya lanƙwasuwa da zafi, ƙonewa yake yi, hayaƙinsa kuma guba ne, har da sayanaid a ciki. In kana son ya yi zagaye, sai dai ka yanke ƙananan guntaye masu siffar V a gefe ka manne bakinsu.

Gam ɗin da ya fi riƙe su duka biyun shi ne sholisho irin na masu gyaran takalmi. Ka shafa siriri a ɓangarorin biyu, ka jira minti 5 zuwa 10 har ya daina jiƙa yatsa ya koma danƙo, sannan ka haɗa daga gefe ɗaya zuwa ɗayan a hankali, domin in ya kama ya kama. Mafi yawan ɗinkin da ke buɗewa, gaggawa ce ta jawo, an haɗa gam yana ɗanye. Soson katifa yana shanye shafin farko, don haka sau da yawa sai an ƙara na biyu. Ka yi aikin a waje ko gaban taga, nesa da wuta. Gam ɗin kyandir, wanda ake narkarwa da zafi, yana da sauri, amma yana barin tudu mai tauri a ɗinki, kuma yana saki in 'yar tsanar ta kwana a mota cikin rana. Ka bar shi don liƙa waya da batir a ciki.

Wani zai ce ka yi amfani da farin abin nan mai ƙwaya-ƙwaya da ake tallafe talabijin da shi a kwali. Ba nauyi, gaskiya ne, amma sholisho da fentin feshi duk narkar da shi suke yi, kuma faɗuwa ɗaya ya karye.

Yanzu shafi, inda yawancin masu farawa ke ɓata aikin da suka yi kwana da kwanaki suna yi. Ƙa'idar ita ce: gwargwadon yadda wuri ke lanƙwasuwa, gwargwadon yadda shafinsa zai iya miƙewa. Kafin komai, ka bi fuskar EVA gaba ɗaya da zafi sama-sama don ƙofofin su tsuke, ka goge bakin ɗinki da samfefa, ka cike ramuka da abin cike tsaga na akirilik, ka lailaye da jiƙaƙƙen yatsa. Kada ka yi kuskuren sa na silikon, fenti ba ya kama shi.

Farin gam na kafintoci, a ɗan sirka da ruwa a shafa sau 3 zuwa 5, kowane shafi ya bushe kafin na gaba, yana ba da fuska mai santsi. Amma in wurin ya lanƙwasu sai ya tattare ya tsattsage, kuma danshi yana sa shi laushi. Ya dace da farantin ƙirji, bai dace da muƙamuƙi ba. Robar feshi irin Plasti Dip ta fi shi a kan EVA nesa ba kusa ba, domin tana bin soson duk inda ya karkata. Ka jiƙa gwangwanin a ruwan ɗumi na minti 10, ka girgiza sosai, ka fesa daga nisan kamar santimita 25, shafi 3 ko 4 sirara, minti 30 tsakanin kowanne, ka bar shi ya kwana kafin fenti. In ka matso da yawa zai zuba ya yi hawaye, in ka yi nisa zai bushe a iska ya sauka kamar yashi, kuma ba ya gyaruwa da samfefa, ɓarewa yake yi. A kan soson katifa kuwa asara ce kawai, shanyewa zai yi ya bar fuskar da kaushi.

Soson katifa hanya biyu gare shi. Ta farko ruwan roba na latas: a dangwala da guntun soso, ba da buroshi ba, domin yana daskarewa a gashin buroshi, shafi 4 zuwa 6 har ya yi fata. Fenti ba ya zama da kyau a kan busasshen latas, don haka a cikinsa ake zuba launin akirilik, kada ya wuce kashi 1 cikin 4. In ya bushe a barbaɗa hoda, in ba haka ba duk inda ya taɓa kansa sai ya manne. Mai da rana da jan ƙarfe duk suna ruɓar da shi, saboda haka ka guji fentin ruwan tagulla mai garin ƙarfe a ciki. Wasu mutane kuma fatarsu ba ta jure latas. Ta biyu, wadda ta fi sauƙi kuma ta fi daɗewa, ita ce a lulluɓe shi da yadi mai miƙewa, baƙi ko ruwan azurfa, gam a bakin gefe kawai don kada ya ɓullo ta fuska. Wuya da gwiwar hannu in an yi su baƙi, an ɗaure da zare duk bayan santimita 2 sun yi gaɓa-gaɓa, ido zai ɗauka bututun roba ne.

Kamannin ƙarfe ba daga fentin azurfa yake fitowa ba, daga baƙin da ke ƙarƙashinsa ne. In ka shafe jikin duka da azurfa, abin wasan yara za ka samu. Ka fara da baƙi. Ka ɗebi azurfar akirilik kaɗan a busasshen buroshi, ka goge a tsumma har ya kusa ƙarewa, sannan ka share saman faranti da bakin kusurwoyi, ramuka su zauna da duhunsu. In kana son ƙarfe mai duhu da sheƙi, ka murza garin bakin fensir a kan baƙi mai ƙyalli da tsumma mai laushi. Tsatsa da dattin mai kuwa, ruwan ƙasa da baƙi a tsinke da ruwa sosai, a shafa, a goge nan take, abin da ya maƙale a layuka da gindin kusoshi a bar shi. Banis ɗin ƙarshe yana kare fenti amma yana rage sheƙin ƙarfe, don haka ka gwada a guntun soso tukuna, ka lanƙwasa shi sau da yawa ka ga ko zai tsage.

Farantin baki kada ka yi shi da kwali, gumin hannu zai jiƙa shi ya lanƙwashe. Ka yanko roba mai tauri ta milimita 2 ko 3 gida biyu, ka haɗa su da ƙyalle mai ƙarfi a matsayin mahaɗi, ka bar tazarar kamar milimita 5 tsakaninsu don bakin ya rufu daidai. A sama ka manna aljihun yatsu huɗu na soson katifa, a ƙasa na babban yatsa. Ido, fitilar LED ta milimita 5 da ƙaramin batir mai siffar kwabo, CR2032, mai bolt 3, a rufe da rabin ƙwallon tebur don hasken ya bazu. Batir ya zauna a ƙirji, ba a kai ba, domin duk abin da ka ƙara a kai wuyan hannunka ne zai ɗauka, kuma kan da ya haura rabin kilo ba za ka jima da shi a sama ba.

Wajen ajiya kowanne da abin da yake tsoro. Soson katifa rana tana mayar da shi rawaya, da shekaru ya fara marmashewa, shi ya sa lulluɓe shi ke ƙara masa kwana. EVA ba ya marmashewa haka, amma zafi da danni suna canza masa siffa, in ka kwantar da kan a gefe ɗaya na tsawon lokaci zai shafe. Ka kafa sanda a kan katako, ka zura 'yar tsanar a tsaye, a inuwa.