include ko import? Ɗauki include, amma ka kula da abu biyu

Ƙanena, tunda ka ce fayilolin XSD ɗinka uku (masu tsara yadda bayanan XML za su kasance) duk na aiki ɗaya ne, kana ruwan ido tsakanin xs:include da xs:import, hanyoyi biyu na jawo wani fayil cikin wani, to ɗauki include ka huta.

Shi na yi amfani da shi lokacin da na haɗa wa wani Alhaji mai shagon atamfa da shadda a Kantin Kwari tsarin rasit da lissafin kaya. Na ware ƙaramin fayil na sa masa suna tushe.xsd, na zuba Adireshi, Farashi da Awo a ciki, awon ma yadi ne da turmi kawai. Da gangan na ƙi rubuta masa targetNamespace, wato sunan gidansa. Irin wannan fayil kamar ɗan riƙo yake: duk gidan da ya ɗauke shi ta hanyar include, sunan gidan yake amsawa. Masu wannan sana'a suna ce masa hawainiya (chameleon). Da rasit.xsd ya ja shi, Farashi ya zama ɗan gidan rasit ba tare da na taɓa layi ko ɗaya ba. Ranar da Alhaji ya ce a ƙara bandir a cikin awo, wuri guda na gyara, kafin a kira la'asar na gama har na sha kunun aya a bakin shagon.

Dokar gajeriya ce, tun XSD na farko da W3C, ƙungiyar tsara ƙa'idojin yanar gizo, ta fitar a 2001: fayil ɗin da za ka yi wa include, ko sunan gidansa ya zama daidai da naka, ko ya zama ba shi da suna sam. In sunan ya bambanta, ba zai shiga ba.

Sai dai ka kula da abu biyu: na farko, sunan gida kaɗai ake gada. Gajerun laƙabin da ka ayyana da xmlns a babban fayil ba sa bin include su sauka ƙasa, kowane fayil sai ya ayyana nasa. Haka ma elementFormDefault, mai faɗin ko abubuwan ciki irin su Unguwa za su amsa sunan gida (qualified) ko a'a (unqualified). Wannan ya taɓa cinye min dare guda, ga janareta yana shan mai: na sa qualified a rasit.xsd, na manta ban sa a tushe.xsd ba, shi kuwa in ba ka faɗa ba unqualified yake ɗauka. Sai xmllint, manhajar duba fayilolin XML, ya dinga ƙin karɓar Unguwa da ke cikin Adireshi, ni kuma ina ta duba harafin da na rubuta ba daidai ba, alhali babu.

Na biyu, in gidaje biyu masu suna daban suka ɗauki hawainiya ɗaya, Adireshi biyu gare ka. Kamanninsu ɗaya kamar an tsaga kara, amma manhaja ba ta ɗauke su abu guda ba. Kai naka gida ɗaya ne, hawainiyar za ta kiyayi ramarka.

import kuwa na kayan maƙwabta ne, wato masu wani sunan gida daban, kamar in kana son xml:lang mai nuna harshen rubutu. Yana aiki, amma abin da maƙwabcinka ya jawo ba naka ba ne. In za ka ambace shi sai ka yi masa naka import ɗin.

Ba ka tambaya ba, amma ka kiyayi masu sayar da manhajojin rubuta XML irin su Oxygen ko XMLSpy a filasha su rantse maka na asali ne. Na taɓa saye, sati biyu ya kulle, ya bar min ƙwayar cuta a kwamfuta, mai shagon kuma ya ce bai taɓa ganina ba. xmllint kyauta ne, ya ishe ka. Ka dai sani XSD 1.0 yake ganewa, bai san xs:override, wata hanyar jawo fayil ta XSD 1.1 da ya fito a 2012, ba.

In xmllint ya yi maka gardama, turo layukan farko na kowane fayil in duba maka bayan isha'i.