Wikki, Lamurde, Ikogosi ko Tafadek: wanne ya dace da kai kafin ka kashe kuɗin mota?

Tunda hunturu ya fara kaɗawa ake ta tambayata wai ina mutum zai je ya yi wankan ruwan zafi na Allah, irin wanda ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa. To gaskiya ya danganta da su wa za ka tafi da su, da nauyin aljihunka, da kuma abin da ya fito da kai, shaƙatawa ce ko neman sauƙin ciwo.

In da iyali ne, ni dai ba na ko dogon tunani, Wikki ce, wadda ke cikin dajin Yankari a jihar Bauchi. Daga Bauchi ka kama hanyar Gombe, in ka zo Dindima sai ka ratse, ka yi ta tafiya har ƙofar Mainamaji, daga nan ma fa ba ka iso ba don akwai sauran kusan kilomita 40 a cikin daji kafin masauki, saboda haka ka cika tanki kuma kar ka bari magariba ta same ka a hanya. Ruwan yana fitowa ne daga ƙarƙashin wani dutse, garau da shi wlh, kana tsaye ya kai maka ƙirji amma kana hango yatsun ƙafarka a kan farin yashi. Ɗuminsa digiri 31 ne, dare da rana, rani da damina. A nan ne nake so a fahimta, Wikki ruwan ɗumi ne ba ruwan zafi ba, jikin mutum ma ya fi shi zafi, don haka wanda ke neman abin da zai gasa masa ƙugu ba zai samu yadda yake so ba. Amma ka shige shi da sassafe cikin sanyin Disamba, sai ka ji ba ka son fitowa. Ta wajen dutsen zurfin ya kusa mita 2, yara su tsaya ta ƙasa inda bai da zurfi kuma ido na kansu. Mata masu son sakewa gara su sauka da sassafe kafin jama'a su cika wurin, a tafi da doguwar riga mara nauyi ta shiga ruwa.

Sai gwaggon biri, dan Allah kar a ɗauke su abin wasa. Leda in dai tana hannunka sun san abinci ne, za su fizge, ƙofar ɗaki ko gilashin mota in ka bari a buɗe sun shiga. Ribar Yankari ita ce kuɗinka bai tsaya a wanka kaɗai ba, ana fita da mutane a mota kallon namun daji, kuma an fi dacewa da ganin giwaye daga ƙarshen Fabrairu zuwa Afrilu, lokacin da ciyawa ta bushe dabbobi na taruwa a bakin kogin Gaji. Tun 1962 aka buɗe dajin ga baƙi, kuma tun 2006 yana hannun gwamnatin jihar.

Wanda kuma zafi na gaske yake nema, akwai na Lamurde a Adamawa, can ɓangaren Numan, sunansa ma Ruwan Zafi. Wannan wuri ne na ƙauye, ka je da ruwan shanka da abincinka, ka shirya kwana a Numan ko Yola, a rani za ka je ba damina ba, kuma ka tambayi ɗan gari halin da ake ciki kafin ka tashi don yankin ya sha fama da rikici. Tafiyar samari ce, ba zan ba mai tsoho ko mai jariri shawararta ba.

Ikogosi a Ekiti abin kallo ne, ruwan ɗumi da na sanyi kowanne ya gangaro da hanyarsa sai su haɗe wuri guda, ka sa ƙafa ɗaya nan ɗaya can ka ji bambancin da kanka. Akwai masauki mai kyau da wurin ninƙaya, sai dai daga arewa nisa ne sosai kuma kuɗin ɗaki ba na wasa ba ne. In wata hidima ta kai ka Ado-Ekiti ko Akure ka ƙara kwana ɗaya ka leƙa, amma a taso takanas daga Kano saboda shi kaɗai, ni ban ga ya biya ba.

Tafadek kuwa daban ce. Tana Nijar, cikin duwatsun Azbin, kimanin kilomita 80 arewa da Agadas, kuma mafi yawan masu zuwa ba yawon buɗe ido ne ya kai su ba, masu sanyin ƙashi ne da ciwon gaɓoɓi da cututtukan fata, su yi kwanaki suna shiga suna fita. Hanyar sai mota mai ƙarfi da direban da ya san ta, ka canja kuɗinka zuwa sefa, ka riƙe fasfo da katin rigakafin shawara, kuma tunda Nijar ta fita daga ECOWAS a Janairun 2025 ka bincika takardun da ake nema a boda tun kana gida. Maganar tsaro a Azbin a Agadas ake tambayarta, ba a intanet ba.

Abin da ya fi damuna shi ne masu kai marasa lafiya. Ruwan zafi yana sassauta jijiya ya rage raɗaɗi, wannan gaskiya ne, amma ba ya maye gurbin maganin asibiti. Mai ciki, mai hawan jini, mai ciwon zuciya, su ga likita tukuna. Mai ciwon suga da ƙafarsa ba ta ji sosai zai iya ƙonewa bai sani ba, sai wani ya fara taɓa ruwan da hannu. A mai zafi sosai minti 10 zuwa 15 ya isa, a fito a sha ruwa a huta, kuma a guji nutsa kai ruwan ya shiga hanci, musamman yara masu son tsalle su faɗa.