Lauyan cikin gida ko na waje: wanne kamfanin da ke girma yake buƙata?

Alhaji, tambayarka kamar yadda na fahimta: kamfaninku na sarrafa shinkafa ya ƙara injuna, ma'aikata sun yawaita, diloli sun kai Legas har Maraɗi, banki kuma na ta zawarcinku da bashi. To ku ɗauki lauya a albashi ya zauna a ofis, ko ku ci gaba da baristan da kuke kira in ta taso? Ni a ganina ba aiki ɗaya suke yi ba. Na cikin gida yawancin amfaninsa kafin a sa hannu ne. Na waje kuwa ana ganin ranarsa bayan magana ta lalace, ko in ta fi ƙarfin mutum ɗaya.

Mu fara da kotu, don nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa. A Najeriya, ƙa'idojin aikin lauyoyi sun hana lauyan da ke karɓar albashi ya tsaya gaban alƙali yana kare mai biyansa, sai fa lauyan da ke aiki a ma'aikatar gwamnati. Kenan ko gobe ka ɗauki lauya ka ba shi ofis da mota, ranar da wani dila ya maka ku ƙara a babbar kotu, ko direban da kuka sallama ya kai ku Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, dole ku nemi na waje ya saka riga da hula. Wanda ya ɗauki lauya don ya huta da biyan kuɗin shari'a ya yi lissafi ba daidai ba. Abin da na cikin gida zai yi maka a nan shi ne ya zaɓi wanda za a ba shari'ar, ya haɗa masa takardu, ya daidaita kuɗin aiki tun farko, ya kuma hana a yi ta ja maka ɗage zama kana biya.

Inda na cikin gida ya yi wa na waje fintinkau shi ne kan takardar yau da kullum. Ga misali daga irin harkarku. Kun yi odar kayan gyaran inji daga waje, an rubuta farashi da dala, za ku biya da naira bayan wasu watanni. Layi ɗaya ne kacal a shafi na huɗu ko na biyar zai faɗi canjin wace rana za a bi, na ranar sa hannu ko na ranar biya. Kafin watan Yuni na 2023 dala a hukumance tana wajen naira 460. Babban Banki ya saki canji, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Wanda ya sa hannu bai duba wannan layin ba, bashinsa ya ninka sau uku yana zaune. Barista na waje ya iya gano wannan, ba shakka, amma sai in an kai masa takardar. Kuma kai ma ka san yadda ake yi: wakilin kamfanin da ke sayar muku da kayan yana zaune a kujerar baƙi, shayinsa na hucewa, jirginsa na yamma ne, manaja ya ce ai mun saba da su. Babu mai buga wa barista waya a wannan lokacin, musamman da yake kowane kira kuɗi ne. Wanda ofishinsa ke ƙofa ta gaba kuwa, minti goma ya ishe shi.

Haka abin yake da manoman da kuke ba iri da taki don su biya da shanshera, da direbobin tirela, da mai ba ku hayar sito. Waɗannan ƙananan yarjejeniyoyi ne da babu babban ofishin lauyoyin da zai ɗauke su da muhimmanci, amma ta nan kuɗi ke zurarewa. Lauyan gida da ya san sau nawa ake rigima kan awo da laimar shinkafa zai rubuta takarda guda mai shafi biyu, a yi ta amfani da ita kowace kaka.

Sai hukumomi. Yayin da kamfani ke girma, masu ƙwanƙwasa masa ƙofa ƙaruwa suke. Akwai bayanin shekara-shekara da ake kai wa hukumar rajistar kamfanoni, CAC, a ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, da rajistar NAFDAC. Akwai fansho, wanda dokar 2014 ta ce mai kamfani ya zuba kashi 10 cikin ɗari, ma'aikaci kashi 8. Ga dokar kare bayanan mutane ta 2023, ga sabbin dokokin haraji da aka sa wa hannu a watan Yuni na 2025. Babu ɗaya a ciki da ke buƙatar babban lauya mai SAN. Abin da suke buƙata mutum ne mai riƙe da kalanda, wanda zai tashi ya je ofishin akanta ya ce wa'adi saura mako biyu. Na waje ba ya yin wannan, don ba a gidan yake kwana ba.

Amma tunda ka ambaci bashin banki da Maraɗi, a nan sikelin ya rinjaya ɗaya ɓangaren. Jinginar da filin masana'anta sai da amincewar gwamna, haka dokar filaye ta 1978 ta tanada, kuma tun 1989 Kotun Ƙoli ta rushe wata jingina a shari'ar bankin Savannah da Ajilo saboda rashin wannan amincewar. Lauyan bankin zai zo da takarda mai kauri wadda bankin ta kare, ba kai ba. Kana buƙatar wanda ya ga irinta sau da yawa, ya san wane sharaɗi banki ke sassautawa in an matsa. Yaron da ka ɗauka bara da wuya ya taɓa ganin ko ɗaya. Nijar kuma dokar kasuwancinta ta OHADA ce, wadda ƙasashen Afirka 17 ke bi, takardunta da Faransanci, babbar kotunta a Abidjan. Harshe ɗaya kuke yi da dilan Maraɗi, amma in ya riƙe muku kuɗi, lauyan can za a nema.

Maganar kuɗi ba ta da tsawo. Na gida albashi ne, ko da aiki ko babu. Na waje sai ya yi ake biya, amma da tsada. Ka sa a tattaro maka duk takardar da aka sa wa hannu da sunan kamfani a wata uku da suka wuce, a ware waɗanda lauya ya gani. In tulin da bai gani ba ya fi tsayi nesa, lokacin ɗaukar na gida ya yi. In takardun ba su taka kara sun karya ba, ku yi yarjejeniya da baristanku a riƙa biyansa wani abu duk wata, yana zuwa ofis rana ɗaya a mako.

Abin da ya fi damuna, kuma ba a cika faɗa ba, shi ne wa zai iya ce maka a'a. Barista na waje yana da wasu masu ba shi aiki. In ya gaya maka gaskiya ka yi fushi, bai rasa tuwon dare ba. Na gida kuwa kai ne albashinsa, kai ne kuɗin makarantar 'ya'yansa, kuma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A kamfanoninmu na gado abin ya fi muni, inda ake ɗauko ɗan yaya ko suruki da ya gama makarantar lauyoyi a ce ga lauyan kamfani. Yaron da ke durƙusawa ya gaishe ka da safe ba zai ce maka, Baba, wannan cinikin kada a yi, a gaban baƙi ba. Sai ya zama mai buga hatimi kawai, kai kuma kana ganin ai lauya ya duba. Wannan ya fi rashin lauyan haɗari.

Amana ma haka, don duk sirrin gidan a hannunsa yake. Ka tuna badaƙalar P&ID. Kwangilar iskar gas da gwamnati ta sa wa hannu da wannan kamfani na waje a 2010 ta jawo wa Najeriya hukuncin biyan dala biliyan 6.6 a 2017, kuɗin ruwa ya kai shi wajen biliyan 11, sai a Oktoban 2023 wata kotu a Landan ta soke shi. Cikin abin da alƙalin ya gano har da cin hancin da aka ba wata babbar jami'ar sashen shari'a ta ma'aikatar man fetur, wato wadda aka ajiye a ciki don ta duba takardar.

Saboda haka ga shawarata, Alhaji. Yadda ka kwatanta girman harkar, ku ɗauki na gida, amma kada ku sallami baristanku. Ku nemi wanda ya yi 'yan shekaru a ofishin lauyoyi yana aikin kwangila da kamfanoni, ba gwanin shari'ar laifi ba, kuma ba ɗan gida ba. Ya riƙa kai rahoto gare ka kai tsaye ko ga hukumar daraktoci, kada a sa shi ƙarƙashin manajan sayarwa, wanda burinsa a rufe ciniki ko ta halin ƙaƙa. A kafa doka a rubuce cewa duk takardar da ta haura wani adadi da za ku yanke, ba a sa mata hannu sai ta bi ta teburinsa, har da wadda kai ka kawo. Aikinsa na farko kuma, tun kafin ku koma wurin banki, ya nemo takardar shaidar mallakar filin masana'antar ya duba sunan wa ke kai, na kamfani ko na marigayi mahaifinku.