Masaukin bakin tafkin Saimaa a ƙarshen Agusta

Wannan ƙaramin masauki da ke Finland ya fi daɗi a ƙarshen Agusta, lokacin da sauro ya yi sauƙi. Suna ba baƙi kwale-kwale da rigar ceto. Kamun kifi da ƙugiya da tana kyauta ne, amma mai jefa kifin roba sai ya biya kuɗin hukuma. A ɗaura waya mai tsawon santimita 30 a gaban ƙugiya, don haƙoran kifin pike suna datse zare nan take. Kifin zander da bai kai santimita 42 ba, a mayar da shi ruwa. Lambunsu abin yabo ne: dankali da karas daga ƙasa zuwa tukunya. Sai dai katakon bakin ruwa yana santsi da raɓar asuba, ya kamata su gyara.