Lesin ɗin Turancin GRE da na shiga a Kaduna, ko ya ci kuɗinsa?

Jama'a masu tambayata game da lesin ɗin nan na ranakun Asabar da Lahadi da na yi a ɓangaren Barnawa don shirin GRE, ga amsa gaba ɗaya don na gaji da maimaitawa ɗaya bayan ɗaya. A taƙaice rabin kuɗina ya yi amfani, rabin kuma da na sani da data na saya da shi. Ba zan faɗi sunan wurin ba, mutanen kirki ne kuma ba faɗa muka yi ba.

Ga wanda bai sani ba, GRE jarrabawa ce da hukumar ETS ta Amurka ke shiryawa, jami'o'i da yawa a can suna nema in za ka yi masta ko digiri na uku. Tun watan Satumban 2023 aka rage tsawonta, yanzu ba ta cika awa biyu ba. Ɓangaren Turanci kashi biyu ne, na farko tambaya 12 a minti 18, na biyu tambaya 15 a minti 23, maki kuma daga 130 zuwa 170. Kuma ƙoƙarin da ka yi a kashin farko shi zai sa a ba ka na biyu mai zafi ko mai sauƙi, in aka ba ka mai sauƙi kar ka yi murna, makinka ba zai yi sama sosai ba. Akwai ɓangaren lissafi ma, amma ni bai dame ni ba tunda kimiyya na karanta, Turancin ne ya kai ni lesin.

Bari in fara da abin da ya ɓata min rai, wato handawut ɗin da suka raba mana ranar farko. Ƙaton abu ne an yi masa bango mai kyau, ka ɗauka ka ji nauyi ka ce lallai kuɗina bai tafi a banza ba, sai da na zauna da shi a gida na ga kusan kashi ɗaya cikin uku tambayoyin kishiyar kalma ne da na dangantakar kalma da kalma, irin wanda muka saba da shi a JAMB. To ai waɗannan an cire su daga GRE tun 2011! Yau sama da shekara goma kenan amma ana ta buga wa mutane kwafi ana karɓar kuɗi. Na yi wa mai wurin magana cikin ladabi, ya ce ai duk Turanci ne Malam, ba a rasa abin ƙaruwa. Haka ne, amma ni ba don ƙaruwa kawai na biya ba, jarrabawa ce a gabana ta sama da dala 200, kuma kowa ya san yadda dala take yanzu.

Sai malamin kalmomi. Tsarinsa shi ne ya rubuta kalmomi a allo da ma'anarsu, mu kwafa, mako mai zuwa ya yi mana gwaji. Mu da muka taso da hadda wannan ba wuya, har na fara jin kaina don ina cinye gwajin nasa tas. Matsalar ita ce jarrabawar ba ta tambayarka ma'anar kalma kai tsaye. Jimla za a ba ka da gurbi, wani lokaci ɗaya wani lokaci biyu ko uku, kuma in gurbi uku ne ka ci biyu ka faɗi ɗaya to sifiri ne, babu rabin maki. Akwai kuma wanda za a ba ka zaɓi shida ka fitar da biyu da za su ba jimlar ma'ana iri ɗaya, nan ne suke ɗana tarko, za ka ga kalmomi biyu masu kama da juna ka yi wuf ka danna, alhali ba su da alaƙa da abin da jimlar ke faɗa. Hadda ba ta fitar da kai a nan. Kamar wanda ya san sunan kowace unguwa a Kaduna ne amma a ajiye shi a Kawo a ce ya je Kakuri ya tsaya yana raba ido.

Wadda ta ceci lesin ɗin nan wallahi Malamar karatun nassi ce, Allah ya saka mata da alheri. Ita ba ta yarda ka kalli zaɓin amsa ba sai ka rufe shi da hannu ka faɗi da bakinka abin da ya kamata ya shiga gurbin, ko da Hausa ne ma ta ce ka faɗa. Sannan ta koya mana farautar ƙananan kalmomin da ke juya jimla, irin su although da yet da despite, ta ce duk wanda ya tsallake su ya riga ya faɗi tambayar tun kafin ya kai ƙarshe. Da farko na ɗauka ɓata lokaci ne, ga agogo na gudu kuma a ce in tsaya ina hira da jimla, amma da hannu ya faɗa sai na ga na ma fi sauri, don na daina kai da komo tsakanin zaɓuɓɓuka.

A dogon nassi kuma, wanda shi ne kusan rabin tambayoyin, ta hana mu karantawa kamar za mu haddace. Abin da take so ka gane shi ne wa ke magana, ra'ayin marubucin ne ko yana kawo na wasu ne don ya rushe shi a sakin layi na gaba. Nan na fi shan wahala gaskiya, don ni a kimiyya na saba duk abin da aka rubuta a littafi to shi ne amsar, ban saba da marubucin da zai yi layi biyar yana yabon wani tunani sannan ya ce ai duk wannan bai tsaya da ƙafarsa ba. Kuma nassin daga ko'ina yake zuwa, yau tarihin zane-zane gobe halayyar tsuntsaye jibi tattalin arziki, ba ruwansu da abin da ka karanta a jami'a. Wani abu da ta nanata har ya zauna min, kar ka shigo da saninka na waje, ko ka san abin ya fi haka, abin da ke cikin nassin kaɗai za ka bi. Ta sa mu karanta maƙala ɗaya kullum daga mujallar Aeon, kyauta ce a intanet, mu taƙaita ta a jimla biyu. Makonnin farko kaina har ciwo yake, ina karantawa a keke in gosulo ya riƙe mu wajen gadar Stadium, amma wannan aikin ne ya canza min karatu ba handawut ba.

Kalmomin ma daga baya na canza salo, duk wadda na ci karo da ita a maƙala sai in zuba ta a manhajar hadda mai suna Anki tare da jimlar da na gan ta a ciki, manhajar ita ke dawo maka da kalma daidai lokacin da kake shirin mantawa, kuma kyauta ce a Android, tana aiki ko babu data.

Sauran ƙananan abubuwa: ajin ya cika da yawa, masu IELTS (jarrabawar gwada iya Turanci) da masu GRE duk an haɗa mu a awa ta farko alhali jarrabawar ba iri ɗaya ba ce. In an ɗauke wuta janareta sai an ga dama. Kuma gwajin gwaji a takarda suke yi, alhali ta gasken a kwamfuta ce, karatu a fuskar kwamfuta da agogo yana ƙirga maka a sama daban yake da takardar da za ka ja wa layi da biro. Don haka ka nemi laftof ko aro ne ka yi POWERPREP, wato gwajin gwaji na ETS a kwamfuta, akwai na kyauta, ka saba da yi wa tambaya alama ka wuce ka dawo mata, kuma kar ka bar ko ɗaya babu amsa tunda ba a rage maki in ka faɗi.

In za ka shiga irin wannan lesin a garin nan, ka roƙa a bar ka ka zauna aji ɗaya kafin ka biya, ka buɗe handawut ɗinsu ka duba ko akwai tambayoyin kishiyar kalma. Kuma tun kafin duk wannan ka leƙa shafin sashen da kake nema, don tun bayan korona sassa da yawa a jami'o'in Amurka sun daina tilasta GRE, wani abokin karatunmu sai da ya yi nisa a lesin ya gano duk makarantun da ya zaɓa babu mai nemanta.