Hob ɗin USB-C mai "4K" a kwali: hoton garau, motsin ne matsala

Irin hob ɗin nan ne, wato na'urar da ake jonawa a kafar USB-C ta laftof don ƙara mata kafofi, mai kafa bakwai da ya cika shagunan kayan kwamfuta a Wunti, Bauchi, mai ruwan toka, da HDMI ɗaya, USB uku, ramin kati biyu da kafar caji.  Dalili ɗaya ya sa na saye shi, wato in haɗa laftof Core i5 ƙarni na 8 da monita mai inci 27, in samu 3840 x 2160 ɗinta cif, wato yawan ɗigon hoton da ake kira 4K. A wannan kam ya ba ni haushi.

Hoto ya fito tas, Windows ma ya nuna 3840 x 2160. Amma da ka taɓa linzami sai ka ga kibiyar tana jan ƙafa, ka ja shafin Excel ƙasa layuka suna tsalle ɗaya-ɗaya, ido ya soma yaji. A Settings, System, Display, Advanced display aka kama ɓarawon: 30Hz, wato sau 30 kawai hoton ke sabuntawa a daƙiƙa, kuma babu 60 a jerin ko kaɗan. In kana son 60 sai ka sauko 2560 x 1440, nan kuma rubutu ya yi dishi-dishi, domin monitar ce ke miƙe ɗigon hoton ta cike gurbi. To me amfanin monitar 4K?

Ba kebul ɗin HDMI ba ne, kada ku ɓata kuɗi wajen canza shi. Kafar USB-C layi huɗu take da su masu gudu. Hob irin wannan yana ɗauke biyu ya ba USB 3.0, hoto ya rage da biyu. Laftof ƙarni na 8 kuwa DisplayPort 1.2 take fitarwa, wato tsarin tura hoto zuwa monita, layi biyu ba sa wuce 8.64 Gbps (ma'aunin gudun data) na ainihin aiki, shi kuma 4K a 60Hz yana cin wajen 12.5. Ba zai shiga ba ko me za a yi. Ga shi HDMI ɗin hob ɗin 1.4 ne, wanda dama a 30Hz yake tsayawa in ana 4K. An rubuta hakan a bayan kwali, da rubutu ƙanana ƙwarai, gaba kuwa "4K" ɓaro-ɓaro. Mai shagon ma gaban kawai ya nuna mini.

Tsakani da Allah, ga mai monita 1920 x 1080 ko 2560 x 1440 hob ɗin bai da laifi, 60Hz yake bayarwa lafiya lau. Ɗalibin da majigi kawai zai jona don gabatar da aiki, ya wadatar da shi. Har na kusa cewa a saya.

Sai dai akwai wani hali nasa da ba zan yafe ba. In caja tana jone ta jikinsa aka ɗauke wuta, duk da monitar tana kan inbata, allon sai ya yi baƙi na ɗan lokaci, filashin da ke jiki ya fita ya dawo. In kana tsakar kwafar fayil, shi ke nan, sai ka sake daga farko. Hob ɗin yana sake tashi ne lokacin da ya koma shan wuta daga batirin laftof. A garin da wuta ke zuwa tana tafiya, wannan ba ƙaramin aibi ba ne. Ga zafi, da rana a ɗaki ba fanka jikinsa har ƙuna yake.

Abin da ya yi maganin matsalar 30Hz ɗin kebul ne zalla, USB-C zuwa DisplayPort, ba hob a tsakani. Layi huɗun duka suka koma wa hoto, 17.28 Gbps, 60Hz ta bayyana. Amma sai an bi wasu abubuwa. A duba gefen kafar laftof ɗin ko akwai alamar D ta DisplayPort ko ta walƙiya, ko a duba takardarta, don ba kowace USB-C ce ke fitar da hoto ba. A shiga menun monitar a tabbatar DisplayPort yana kan 1.2, wasu a 1.1 suke zuwa. A danna Windows da P a zaɓi Extend ko Second screen only, domin Duplicate yana ɗaure babban allo da girman na laftof. Sannan a Advanced display a duba Active signal mode, shi ne abin da ke isa monitar da gaske, ba Desktop mode ba. Rubutu in ya yi ƙanana a ɗaga Scale zuwa 150%, kada a taɓa lambar girman allon.

Illar kebul ɗin ita ce ya cinye kafar, mai USB-C ɗaya tak sai ya yi caji ta wani wajen. Wanda ya nace sai hob, ya nemi mai "4K@60Hz" a rubuce, kuma laftof ɗinsa ta kasance mai DisplayPort 1.4, kamar Intel ƙarni na 11 zuwa sama. Hob ɗin nawa yanzu aikinsa karanta katin kyamara.